Zuƙo hoto a manhajar tace bidiyo: abin da ke sa rubutu dishi-dishi da yadda ake kauce masa

Zuƙowa, wadda masu aikin montaj suka fi kira "zum", ita ce a ƙara girman wani yanki na hoto har ya cika allo, domin mai kallo ya ga abin da ake son ya gani: layi ɗaya a cikin sanarwar hukuma, sunan gari a kan taswira, ko fuskar mutum ɗaya a cikin taro. Kowace manhajar tace bidiyo tana yin wannan, daga CapCut da KineMaster na wayar salula har Premiere Pro, DaVinci Resolve da Final Cut Pro na kwamfuta. Kukan da ake yi kuma iri ɗaya ne a dukkansu. Hoto yana nan tar kafin a taɓa shi, da an zuƙo sai ya yi dishi-dishi, haruffa su narke, lambobi su shiga juna.

Ga mai haɗa bidiyon biki wannan ƙaramin aibi ne. Ga gidan jarida ko malamin da ke koyarwa ta bidiyo kuwa, abin ya wuce ado. Idan aka nuna jerin sakamakon jarrabawa ko sabon farashin man fetur, 3 ta yi kama da 8, an isar da labarin da ba shi ke nan ba. Takardar da ba ta karantuwa kuma ita ce mafi sauƙin a ce ta bogi ce, masu ƙirƙirar takardun bogin ma a bayan wannan dishi-dishin suke fakewa.

Mafi yawan lokaci laifin ba na manhaja ba ne. Zuƙowa ba ta ƙara wa hoto komai, abin da yake da shi take cinyewa, kuma ana iya lissafa iyakarta tun kafin a fara aiki.

Lissafin fiksel

Duk hoton da ya fito daga kyamara, waya ko sikana, tarin ƙananan murabba'ai ne masu launi ɗai-ɗai, waɗanda ake kira fiksel. Hoton da Russell Kirsch ya shigar cikin kwamfuta a Amurka a 1957, na jaririn ɗansa, wanda ake lissafawa cikin na farko-farko da aka yi wa haka, fiksel 176 ne a faɗi, 176 a tsayi. Bidiyon da ake kira 1080 a yau yana da 1920 a faɗi da 1080 a tsayi, wato fiksel 2,073,600 a kowane firam. Na 720 yana da 1280 × 720. Wanda ake kira 4K a waya da talabijin 3840 × 2160 ne, ninki biyu a faɗi, ninki biyu a tsayi, saboda haka ninki huɗu a jimilla.

Shi ma filin aikin da aka buɗe a manhaja yana da nasa girman. Idan filin 1920 × 1080 ne aka ɗora masa bidiyo mai wannan girman, kowane fiksel ya samu gurbinsa ɗaya a allo, wannan shi ne 100%. Da an kai 150%, abin da ya rage a allo 1280 × 720 ne na ainihin hoton, aka miƙe shi. A 200% saura 960 × 540, kashi ɗaya cikin huɗu ke nan. A 300% saura 640 × 360, wato ingancin da ake gani lokacin da intanet ta yi rauni, sai dai fayil ɗin na nan da sunan 1080.

Daga nan ƙa'idar ta fito: a raba faɗin hoton asali da faɗin filin aiki, abin da ya fito shi ne iyakar zuƙowar da ba ta da asara. Hoton waya mai megafiksel 12 yawanci 4000 × 3000 ne ko kusa da haka, saboda haka a filin 1080 yana ɗaukar ninki biyu da ɗan kai. Bidiyon 4K a filin 1080 yana ɗaukar ninki biyu cif. Shi ya sa masu ɗaukar hira da kyamara ɗaya suke ɗauka a 4K su tace a 1080: suna samun hoto mai faɗi da na kusa da fuska daga ɗauka ɗaya, kamar da kyamara biyu aka yi.

Ido yana yafe ɗan ƙetare iyaka idan fuska ce ko fili, musamman in abin yana motsi. Rubutu ne ba ya yafewa, domin shi duk gefuna ne masu kaifi, gefen kuma shi ne abin da miƙewa ke fara ɓatawa.

Lambar DPI da ake gani a bayanan hoto, 72 ko 300, ba ta da wani tasiri a bidiyo. Ma'aunin buga takarda ne. Hoto mai faɗin fiksel 4000 iri ɗaya yake a allo ko wace lamba aka rubuta masa. Inda take da amfani shi ne a sikana, za a zo kansa a ƙasa.

Yadda manhaja ke cike gurbi

Idan aka umarci manhaja ta shimfiɗa fiksel 960 a wurin da ke buƙatar 1920, dole ta samar da rabin da babu. Hanya mafi sauƙi ita ce ta kwafi launin fiksel mafi kusa, wannan ke ba da gefe mai tsani-tsani irin na tsofaffin wasannin kwamfuta. Hanya ta biyu tana duba maƙwabta huɗu ta ɗauki matsakaicinsu, tana da sauri amma tana laushe hoto. Ta uku, wadda ake kira baikubik, tana duba maƙwabta 16, kuma ta fi riƙe gefe. Akwai wata mai sunan masanin lissafi ɗan Hangari, Cornelius Lanczos, da ke duba fiye da haka.

Dukkansu ƙiyasi ne. Tsakanin baƙin harafi da farar takarda, matsakaici toka-toka ne, wannan tokar ita ce dishi-dishin da ake gani. A DaVinci Resolve ana iya zaɓar hanyar a saitin girman hoto na aikin, a Premiere Pro kuma akwai akwatin da ake taɓawa wajen fitarwa don neman ƙiyasi mafi inganci. Suna taimakawa, amma bambancin da suke kawowa ƙarami ne in an kwatanta da samun hoto mai isasshen fiksel tun farko.

Haka kuma tacewar ƙara kaifi. Abin da take yi shi ne ƙara duhun ɓangare mai duhu da hasken ɓangare mai haske a bakin gefe. Kaɗan daga cikinta yana gyara, da yawa kuma yana yi wa kowane harafi farin zobe.

Rubutu ba hoto ba ne

Akwai wani nau'in zane da ba shi da fiksel ko ɗaya. Maimakon a ajiye launin kowane murabba'i, ana ajiye umarni ne: fara daga nan, lanƙwasa zuwa can, cika ciki da baƙi. Ana kiransa zanen bekta. Lissafin lanƙwasar daga masana'antar motocin Faransa ya fito: Paul de Casteljau ya tsara shi a kamfanin Citroën a 1959, Pierre Bézier kuma ya bunƙasa nasa a Renault a shekarun 1960 don zana jikin mota, sunansa ne ya bi abin. Haruffan da ke cikin kowace waya da kwamfuta a yau da irin wannan lanƙwasa aka zana su. Haka fayilolin SVG da na Illustrator, da PDF ɗin da aka fitar kai tsaye daga Word.

Tunda umarni ne, ana iya zana shi a kowane girma ya fito garau. Amma allo fiksel kaɗai ya sani, don haka dole a wani mataki a mai da zanen fiksel. Dukan maganar tana kan lokacin da aka yi wannan. In an fara ƙara girma sannan aka mai da shi fiksel, rubutu zai fito tar ko a 1000%. In an fara mai da shi fiksel sannan aka ƙara girma, ya zama hoto kamar kowane hoto, lissafin da ke sama ya hau kansa.

A Premiere Pro wannan tarkon a fili yake. Rubutun da aka yi a cikin manhajar yana da wuri biyu na ƙara girma a akwatin saitinsa. Ɗaya yana ƙarƙashin "Vector Motion", wanda sigar Faransanci ke kira "Trajectoire vectorielle", ɗayan yana ƙarƙashin "Motion" ko "Trajectoire" kawai. Na farkon yana ƙara girma kafin a mai da rubutun fiksel, na biyun bayan an mai da shi. Suna kusa da juna, kalmar girman iri ɗaya ce a dukkansu, shi ya sa mutane da yawa suke jan na biyun su zargi salon haruffa. Fayil ɗin Illustrator kuwa, Premiere yana mai da shi fiksel tun wajen shigo da shi, gwargwadon girman da aka zana shi. Tambarin da za a zuƙo sai a ba shi babban fili tun a can.

A After Effects rubutu da siffofin da aka zana a ciki suna zama garau da kansu. Fayil ɗin bekta da aka shigo da shi daga waje ne ke buƙatar a kunna masa wani ƙaramin maɓalli mai siffar rana a jerin shimfiɗu, wanda ke sa a sake zana shi a kowane firam. Wannan maɓallin dai shi ake kunnawa idan an tattara shimfiɗu cikin ƙunshi ɗaya ana son su riƙe kaifinsu.

A manhajojin waya shawarar ta fi sauƙi: a rubuta rubutun a cikin manhajar, a girman da zai kai a ƙarshen zuƙowa. Idan motsin zai tashi daga ƙarami zuwa babba, a shirya babban, a rage shi a farkon motsin. Ragewa ba ta ɓata rubutu yadda ƙarawa ke yi. Abin da ke kashe aiki shi ne a rubuta take a wata manhajar zane, a ajiye shi a ƙaramin hoto, a kawo shi a miƙe.

In dole sai an kawo rubutu ko tambari a matsayin hoto, PNG ya fi JPEG. JPEG, wanda aka kafa ƙa'idarsa a 1992 don hotunan kyamara, yana yanka hoto gida-gida na fiksel 8 × 8 yana zubar da abin da ido ba zai lura ba. A jikin harafi wannan yana barin ƙura-ƙura kamar sauro ya kewaye shi, zuƙowa kuma tana ƙara wa saurayen girma. PNG ba ya zubar da komai, yana kuma riƙe bango marar launi. Inkscape, wadda kyauta ce, tana fitar da zanen bekta zuwa PNG a duk faɗin da aka rubuta mata.

Inda fiksel ke zubewa ba a sani ba

Sau da yawa hoton asali yana da isasshen girma, a hanya ne ya rame.

Babbar hanyar ita ce WhatsApp. Hoton da aka tura ta hanyar da aka saba ana matse shi, dogon gefensa yakan dawo wajen fiksel 1600. Wakili ya ɗauki hoto mai 4000 a Damagaram, wanda ya isa teburin montaj a Yamai bai kai rabinsa ba, in an sake turawa daga hoton allo kuma ya ƙara ramewa. Tun 2023 akwai zaɓin HD da ke rage matsin, amma hanyar da ke kai fayil yadda yake ita ce a tura shi a matsayin takarda, ta alamar maƙala fayil. Ya fi cin data, gaskiya ne. Sai dai hoto ɗaya na waya ƴan megabayit ne, kuma shi ne bambancin takardar da za a karanta da wadda za a yi ta hasashe.

Ta biyu tana cikin Premiere Pro. Akwai umarni biyu na daidaita babban hoto da filin aiki, masu suna kusan ɗaya. "Scale to Frame Size" yana rage hoton zuwa girman filin ya ɗauke shi a matsayin 100%, duk zuƙowar da ta biyo baya daga ramammen take tashi. "Set to Frame Size" yana rage lambar girma ne kawai, fiksel na nan. Sunayen sukan canza daga siga zuwa siga da harshe zuwa harshe, don haka gwajin da ya fi aminci shi ne duba lamba: in ka ɗora 4K a filin 1080 ya cika allo, lambar girma 50% ya kamata ta nuna. In 100% ta nuna, ba duka fiksel ɗin kake aiki da su ba.

Ta uku ita ce ƙunshi. Idan aka tattara guntaye cikin jeri na ciki a Premiere, ko aka mai da su guntun Fusion a DaVinci Resolve, ƙunshin yana ɗaukar girman filin aiki. Duk abin da ke ciki, ko 4K ne ko rubutu, ya zama 1080, zuƙo ƙunshin kuma miƙewa ce. Ko dai a yi zuƙowar a cikin ƙunshin, ko a ba ƙunshin fili mafi girma. Haka mai aiki da waya da ke fitar da bidiyo ya sake shigo da shi don ƙara wani abu: kowane zagaye yana daskarar da rubutu ya kuma ƙara matsi.

Ta huɗu mutane ba sa ɗaukarta zuƙowa ko kaɗan. Bidiyo na kwance mai 1920 × 1080 idan aka sa shi ya cika filin tsaye na TikTok ko na sitatus, mai 1080 × 1920, an riga an miƙe shi zuwa 178%, abin da ake gani kuma faɗin fiksel 608 ne na asali. Ko 4K ma, tsayinsa 2160 ne, ya ɗara 1920 da kashi 12 da rabi cikin 100 kawai. Wanda ya san aikinsa tsaye zai fita, ya ɗauka a tsaye.

Tacewar hana girgiza ma tana yanke gefuna ta zuƙo a ɓoye. Zum ɗin yatsu biyu a kyamarar waya kuwa, in ba wayar ta koma wani gilashin na daban ba, yankewa da miƙewa ce tun a wurin ɗauka. Matsawa kusa da ƙafa ya fi shi.

Takardu, taswira da hoton allo

Nan ne DPI ke aiki. Takardar A4 tana da milimita 210 × 297. A sikana, 300 DPI yana ba da fiksel 2480 × 3508, 600 DPI kuma kusan 4960 × 7016. A filin 1080, ta farkon tana cika faɗin allo da rarar kusan kashi 30 cikin 100, ta biyun tana ɗaukar ninki biyu da rabi. In ana son a zuƙo kan lamba ɗaya ko hatimi, 600 ake nema. A kwatanta da hoton takardar da ya biyo ta WhatsApp: tsayinsa 1600, faɗinsa wajen 1130, sai an miƙe shi zuwa 170% kafin ma ya cika faɗin allo.

In babu sikana, a ɗauki hoto biyu da waya, ɗaya na dukan takardar, ɗaya na kusa da sakin layin da ake so. A montaj a fara zuƙo na farkon kaɗan, a yanka zuwa na biyun. Mai kallo yana ganin motsi ɗaya ne. A nemi hasken rana a inuwa, waya a miƙe daidai da takardar, a taɓa allo a kan rubutun don ya kama. Hoton da bai kama ba ko hannu ya girgiza, yawan fiksel ba zai cece shi ba.

Sanarwar da ta zo a PDF, kada a ɗauki hoton allonta tana ƙarama. A fara gwada ta: in ana iya zaɓar kalmominta kuma haruffan suna nan garau a 800%, bekta ce. Sai a buɗe ta a GIMP ko Inkscape, waɗanda ke barin mutum ya zaɓi girman da za a fitar. In haruffan sun fashe, hoton sikana ne aka naɗe cikin PDF, iyakarsa ke nan.

Shafin intanet ko darasin kwamfuta ma haka. Ɗaukar allon 1080 sannan a zuƙo a montaj miƙewa ce. A ƙara girman shafin a burauza zuwa 150% ko 200% kafin a ɗauka, domin a nan haruffan bekta ne har yanzu.

Tafiyar kyamara a hankali a kan hoto marar motsi, wadda Apple ya sa wa sunan Ken Burns, Ba'amurken da ya shahara da ita a fim ɗinsa na yaƙin basasar Amurka na 1990, tana da tata matsalar idan hoton ya yi girma fiye da kima. Ƙananan zane masu maimaituwa, irin saƙar hula, ɗigon hoton jarida ko layukan taswira, sukan yi ta ƙyalli suna rawa yayin motsi. Maganinsa akasin duk abin da aka faɗa ne: a rage hoton zuwa abin da zuƙowar ke buƙata, ko a sa masa ɗan laushi ƙalilan. Masu kai aiki gidan talabijin su fi lura da wannan, domin siraran layuka na kwance sun fi rawa a can.

Haruffa masu ƙugiya

Hausa tana da wata buƙata a nan. Bambancin ƙafa da kafa, ko ɓari da bari, ƴar lanƙwasa ce a saman harafi. Faransanci ma haka yake da ou da où. Harafi mai tsayin fiksel 40 a bidiyon 1080 yana dawowa 13 a wayar wanda ke kallo a 360 don tattalin data, ƙugiyar kuma ta zama ɗigo biyu ko uku, in ta tsira.

Yawancin salon haruffa na ado ba su da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. Manhaja sai ta aro su daga wani salon, su fito daban da ƴan uwansu, ko ta sa akwati a gurbinsu. Mafitar da wasu ke bi ita ce su rubuta a wani wuri su ɗauki hoton allo, wato sun mai da rubutun fiksel tun kafin aiki ya fara. Noto Sans na Google, da Andika da Charis na ƙungiyar SIL, duk kyauta ne, suna da waɗannan haruffan da na Faransanci gaba ɗaya, ana kuma iya shigar da su cikin kwamfuta da manhajojin waya masu karɓar salo daga waje. A zaɓi mai kauri. Siririn harafi yana da kyau a allon mai tacewa, amma ba a can za a karanta shi ba.

Launi ma yana da hannu. Kusan duk bidiyon da ke yawo a intanet yana ajiye haske a cikakken girma, launi kuma a rabin faɗi da rabin tsayi, tsarin da ake rubutawa 4:2:0. Farin rubutu a kan baƙi bambancin haske ne, yana fita tar. Jan rubutu a kan shuɗi ko kore yawanci bambancin launi ne, gefensa yana zuba ko ba a zuƙo ba. Farin rubutu ko ruwan ɗorawa a kan duhu, ko baƙi a kan fari, su ne masu jure hanya.

Dubawa da fitarwa

Wani dishi-dishin na tagar dubawa ne kawai. Manhajoji suna rage ingancin abin da suke nunawa zuwa rabi ko kwata don kada na'ura ta yi nauyi, wasu kuma suna aiki da ƙananan kwafi a madadin manyan fayiloli. Kafin a yanke hukunci a tsayar da bidiyon, a mai da ingancin cikakke, a sa tagar a 100%. Mafi tabbaci shi ne a fitar da daƙiƙa goma na wurin da aka fi zuƙowa, a kalle su a waya.

Wajen fitarwa abu biyu ne. Girman fitarwa ya dace da filin aiki: fitar da aikin 720 a 4K ba ya ƙara masa komai sai nauyi. Na biyu shi ne yawan bayanan da aka ba kowace daƙiƙa, wanda ake aunawa da megabit. YouTube yana ba da shawarar 8 ga bidiyon 1080 mai firam 24 zuwa 30 a daƙiƙa, 5 ga na 720, da 35 zuwa 45 ga 4K. Megabit 8 a daƙiƙa megabayit 60 ne a minti, mai tura aiki da datar waya ya san nauyin wannan. Amma zuƙowa a hankali tana motsa kowane fiksel a kowane firam, kuma a irin wannan wurin ne ƙarancin bayanai ke fara nunawa. Dabarar da ba ta cin ko dala ita ce a bar motsin ya tsaya cak na daƙiƙa uku ko huɗu a kan abin da ake son a karanta. Hoto a tsaye ya fi sauƙin matsewa, idon mai kallo ma ya samu lokaci.

Manhajojin ƙirƙirarriyar basira

Yanzu akwai kayan aiki masu alƙawarin mai da ƙaramin hoto babba: Topaz, Remini, Super Scale na DaVinci Resolve da makamantansu. Yawancinsu ba matsakaici suke ɗauka ba. Sun koya daga ɗimbin hotuna yadda gashi, fata ko harafi suka saba kasancewa, sai su zana abin da ya fi kama. Ga tsohon bidiyon biki ko hoton gari, sakamakon yakan burge.

Ga takarda da fuska a labarai, ra'ayina shi ne a bar su. Abin da suka zana yana fita garau, kaifin nan ne ke sa a yarda da shi, alhali ƙiyasi ne. A 2020 an ba wata manhaja da aka gina kan binciken PULSE na Jami'ar Duke hoton Barack Obama da aka dusashe, ta dawo da fuskar wani farar fata da babu shi a duniya. Tun kafin nan, a 2013, masanin kwamfuta ɗan Jamus David Kriesel ya gano cewa wasu na'urorin sikana na Xerox suna musanya lambobi a takardu, 6 ta koma 8, saboda hanyar matsin da ke maye gurbin alama da wata mai kama da ita. Ba ƙirƙirarriyar basira ba ce wannan, amma illar iri ɗaya ce, lambar da aka canza ta fito tsaf babu alamar an taɓa ta. A 2024 wani alƙali a jihar Washington ta Amurka ya ƙi karɓar bidiyon waya da aka gyara da irin wannan manhaja a matsayin hujja a shari'ar kisa.

Idan takardar da ke hannu ba ta da isasshen fiksel kuma babu hanyar samun asalinta, a nuna ta a girman da take iya ɗauka, ko da rabin allo ne. Layin da ake magana a kai sai a sake rubuta shi a gefe da rubutun manhaja, harafi da harafi yadda yake a takardar, a sa masa alamar cewa kwafi ne daga cikinta.